Garin Shinkafa a Ƙofar Makoki

Ina cikin layin shiga kanti a unguwar Sentul da ke Kuala Lumpur, takunkumi a fuska, kowa ya ba na gabansa tazara, sai wayar Yaya ta shigo. La'asar ce a wajenmu, a Kano kuwa hantsi ne. Ba ta yi wani kwana-kwana ba, ta ce, "Sai haƙuri, Umma lokaci ya yi." Daidai nan layi ya zo kaina. Mai gadi ya ɗora min na'urar auna zafi a goshi, ya yi min nuni da hannu in wuce. Na wuce, na sayi albasa da sabulu, na biya, na fito. Kafin a kira magariba a Kuala Lumpur an kai Umma an dawo.

Shekarar annoba ta biyu ce, ina karatun digiri na uku. Abokiyar zamana, wata 'yar Katsina, ta je gida hutu tun kafin a rufe iyakoki, ta maƙale a can, ni kaɗai na rage a gidan hayarmu da ke saman bene. Jirgi babu, ko da akwai ma in na fita ba dawowa. Mutanenmu da ke unguwar Taman Melati sun kira, sun yi addu'a ta waya, Allah ya saka musu. Amma 'yan sanda sun tare hanyoyi, ba mai iya zuwa. Ba a shimfiɗa min tabarma ba, ba wanda ya zauna kusa da ni ya dubi idona ya gaishe ni. Na yi makokin uwata ina kallon firji.

Ba a daɗe ba aka fara mafarkinta. Yaya ce ta fara, ta gan ta cikin fararen kaya tana murmushi. Ƙanina ya gan ta tana alwala a bakin rijiya. Har maƙwabciyarmu, wadda suka yi shekara da shekaru suna faɗa da Umma a kan kwata, ita ma Umma ta je mata a mafarki, wai har ta ba ta goro. Kowa ya kira ni ya ba ni labari don in ji sanyi, ni kuwa in ajiye waya ina huci. Ni ce auta a mata. Ni ce ban ga gawarta ba, ban zuba mata ruwa ba, ban ji ɗumin hannunta na ƙarshe ba. In akwai mai buƙatar ta zo masa, ai ni ce. Amma ta je wa mai kwata ta bar ni.

Daga nan na mai da barci sana'a. In idar da asuba in koma. In yi azahar in koma. In yi alwala, in kwanta ta ɓangaren dama, in karanta duk abin da na haddace, in roƙi Allah ya nuna min ita ko da bayanta ne. In na samu barcin sai in yi mafarkin malamina yana tambayata babi na huɗu, ko ina cikin jirgin ƙasa na wuce tashata. In farka da ciwon kai, in sha ruwa, in sake kwanciya ko ta zo na yi saurin tashi. Abinci ya fita raina, zannuwana suka fara zagaye ni sau biyu. Littafin bincikena yana kan tebur, ƙura ta rufe shi. Na san ina lalacewa, kuma ban damu ba, fuskar Umma kawai nake so in gani sau ɗaya.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne jan silifa. Umma ba ta ɗaga ƙafa in tana tafiya, jan takalmi take, tun daga soro ake sanin ita ce. Kowace safiya, tsakanin barci da farkawa, sai in ji wannan jan a barandar da ke gaban ƙofata, a hankali, ya tsaya, ya ci gaba. Tsigar jikina ta tashi, in kasa motsi. Na sani sarai ko wace ce, amma sanin bai taɓa hana gabana faɗuwa ba.

Tsohuwar da ke ƙofar da ke kallon tawa ce. 'Yar ƙabilar Tamil, mai bin addinin Hindu, malamar firamare da ta yi ritaya. Anti nake ce mata, mijinta kuma Ankul, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa wanda ba ya rabo da talabijin da tari. Kullum da sassafe sai ta wanke bakin ƙofarta, ta sunkuya da ɗan kwano na garin shinkafa, ta ɗiɗɗiga ɗigo-ɗigo a jere, sannan ta zagaye su da layi mai lanƙwasa har ya koma inda ya faro. Kolam suke kiransa.

Farkon tarewata a gidan, da na buɗe ƙofa na ga farin gari an zana a hanyar da zan bi, ban tsaya tambaya ba. Bahaushiya ta ga an barbaɗa abu a ƙofa, me kuma ya rage? Na ce shi ke nan, an yi min sammu tun ban kwana biyu ba. Na riƙa bin jikin bango kamar ƙadangare, ina Falaƙi da Nasi, ina tattare zani. Ashe tana kallona ta labule. Ranar da ta tare ni ta yi min bayani, dariya ta hana ta ƙarasawa. Ado ne, da maraba ga mai shigowa, da abincin tururuwa. Bayan nan ma ban daina kauce masa ba, sai dai yanzu don kada in ɓata mata aiki. Wannan ma bai yi mata ba. Takan ce, "Ki taka mana, 'yata. Don ƙafa aka yi shi."

Ita ce ta lura takalmana sun daɗe a wuri ɗaya a bakin ƙofa. Wata rana da hantsi ta ƙwanƙwasa, ta ja da baya zuwa ƙofarta saboda dokar tazara, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kin yi makan?" ta ce, wato ko na ci abinci.

Na ce na ci. Ta ce ƙarya nake, ta shekara talatin tana kallon yaran da suka zo makaranta da yunwa. Ta jawo kujerar roba ta zauna a ƙofarta, ni ma na zame na zauna a tawa, baranda a tsakaninmu. Ban san yadda aka yi ba na kwashe komai na gaya mata, har da mai kwata.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce a addininsu ana koya musu cewa baƙin ciki ba ya zama shi kaɗai, so ne yake riƙe shi. Ta ce rashin uwa ciwo ne, dole ya yi zafi, ba wanda zai hana. Amma ni na ɗora wani abu a kan ciwon: na ce ba zan ci ba, ba zan tashi ba, sai an ba ni abin da nake so. Ta ce in an ba ni mafarkin ma, gobe na biyu zan nema, domin shi so haka yake, ba a ƙosar da shi da ba shi. Ta nuna zanenta, wanda tun ba a kai rana tsaka ba mai shara ya riga ya ja tsumma ta gefensa.

"Kullum iyakar iyawata nake zana shi," in ji ta. "Nawa ke nan, zanawar. Abin da zai same shi bayan na ɗauke hannu ba nawa ba ne. Malamanmu haka suka ce a yi da kowane aiki: ki yi wanda ya hau kanki, ki miƙa wa Ubangiji, ki cire ranki daga sakamakon. Kin yi wa mamanki addu'a, naki ya cika. Zuwanta ba a hannunki yake ba."

Ta ƙara da cewa wanda ke cikin jikin, wato rai, ba ya mutuwa, jikin ne ke ƙarewa. Na ce wannan mu ma mun yarda, amma mu ba mu ce yana dawowa cikin wani jikin ba. Ta kaɗa kai irin nasu, wanda ba ka sanin e ne ko a'a, ta ce mu bar wannan, kowa zai je ya gani.

Maganarta ta shige ni, kuma shi ya sa ta ba ni haushi. Daga cikin ɗakinta ina jiyo Ankul yana tari yana faɗa da mai karanta labarai. Ni kuwa bakina ba ya riƙe magana. Na ce, "Anti, ai da sauƙi ki faɗi haka. Naki yana ciki yana kallon talabijin." Ba ta ji haushi ba, ko kuma ba ta nuna ba. Ta tashi ta kawo min shinkafa da miyar wake a roba, ta ajiye a tsakiyar baranda. Na ci, sannan na koma na kwanta neman Umma.

A tsakiyar shekarar cutar ta yi tsanani, jiniyar motar asibiti ba ta yankewa. Wata rana da yamma wasu mutane cikin fararen ledoji tun daga kai har ƙafa suka fito da Ankul a kujera mai taya. Ya ɗaga min hannu da zai shiga lif. Ita kuma aka ɗaura mata abin hannu ruwan hoda, alamar ba ta da izinin fita. Ɗansu ɗaya yana wata jiha mai nisa, ba a ƙetarawa. Duk kwanakin da Ankul ya yi a asibiti ba ta fasa zane ba. Na riƙa leƙawa ina ganin layin yana karkacewa, amma tana kai shi ƙarshe.

Sai wata safiya ban ji jan silifa ba. Na buɗe ƙofa na tarar an wanke wurin tas, babu ɗigo ko ɗaya. Jikina ya yi sanyi tun kafin in ji muryarta daga ciki, ba kuka mai ƙarfi ba, wani nishi ne mai tsawo da ba ya yankewa. Ankul ya rasu. Baƙi ne suka ƙone gawarsa kamar yadda addininsu ya tanada, ita kuma ta kalla a waya.

Na tsaya a ƙofarta zan yi ta'aziyya. Addu'ar da muke yi wa mamaci ta zo min baki ta tsaya, na san ba wurinta ba ne, kuma ban da ita ban san wata ba. Na ce mata sannu, na ce Allah ya ba ta haƙuri. Ta amsa ta bayan ƙofa. Ta taɓa gaya min ba a kunna murhu a gidan makoki a wajensu, kuma ba ta cin nama, don haka na riƙa dafa mata garau-garau da mai da yaji in rataye a hannun ƙofa. Wata rana in ga an ɗauka, wata rana in tarar da shi yadda na bari.

Ban zaci rashin zanen nan zai dame ni haka ba. Barandar ta koma kamar tsakar gidan da aka kwashe kaya. Da rana ina jiyo talabijin ɗinta a tashar da Ankul ke so, da ƙarfi yadda yake kunnawa, ina jin ta tana kiransa ya zo ya sha kofi. Matar da ta ce in cire raina ke nan. Wani gefen zuciyata ya ce ashe dai, ɗaya gefen kuma tausayi ya kama shi har na kasa barcin da na saba.

Na yi ta tunanin abin da zan yi mata. Ni dai na iya lalle, tun ina sakandare nake yi wa amare a unguwarmu. Na ce ai ba sai na yi irin nasu ba, balle in shiga abin da ban sani ba, fure kawai zan zana mata ta buɗe ƙofa ta ga wani ya tuna da ita. Na niƙa shinkafa a bilenda, na tankaɗe. Da na idar da asuba, karo na farko tun rasuwar Umma, ban koma gado ba. Na durƙusa a ƙofar Anti na zuba duk iyawata: babban fure a tsakiya, rassa suna fita, ganye, ɗige-ɗige a gefe, irin wanda ake yi wa amarya a tafin hannu. Gari ya waye ina gyara baki-baki. Ya yi kyau, ba yabon kai ba. Na koma ƙofata na tsaya ina jira a gode min.

Ta buɗe ƙofa. Gashinta a barbaje, ba ɗigon da ta saba sawa a goshinta, ta tsufa a 'yan kwanakin. Ta dubi ƙasa, ta dube ni, sai ta fashe da faɗa da yarensu, muryar da ban taɓa jin ta da ita ba. Ta koma ciki ta fito da bokiti ta sheƙa wa furen ruwa. Farin ruwa ya gangaro har ƙarƙashin ƙafata.

"Kin san abin da kika yi?" ta ce tana haki. "Ƙofar da aka zana tana gaya wa mai wucewa gidan nan lafiya, a shigo, ana murna. Ƙofar da ba a zana ba tana cewa an yi mutuwa a nan. Ba wanda zai iya zuwa, ɗana ma bai zo ba, wannan ƙasar da na bari fayau ita kaɗai ke faɗa wa duniya mijina ya mutu. Ke kuma kin zo kin ce ƙarya ne."

Kunya ta rufe ni, kuma ni in na ji kunya faɗa nake. Na ce, "To ba ke kika ce a saki ba? Ba ke kika ce a cire rai ba?"

Ta ajiye bokitin. Ta zauna a dokin ƙofa, gefen zaninta cikin ruwa.

"Ni na faɗa," ta ce. "Tun ina yarinya nake jin karatun nan, na koya wa wasu ma. Ga ni nan ina haɗa wa mutumin da ya zama toka kofi. Karatun gaskiya ne, 'yata, ni ce ban kai ba tukuna. Amma su waɗanda suka koya mana a saki, su ne suka ware kwanakin da za a zauna a yi kuka, ba girki, ba ado, ba zane. Sai an zauna waɗannan sannan a fara koyon sakin. Ba a tsallake su."

Ruwan yana ta bin baranda yana neman rariya. Can ta tambaye ni yadda ake yi a garinmu. Na ba ta labari: yadda ake shimfiɗa tabarmi, maza a waje mata a ciki, yadda maƙwabta ke aiko da kwanukan abinci har a rasa wurin ajiyewa, yadda gida ke cika kwana da kwanaki, kowa ya shigo ya durƙusa a gabanka ya yi maka tambaya ɗaya, ka ba shi amsa ɗaya, har muryarka ta dushe.

"Ke wa ya zo miki?" ta ce.

Na ce babu.

"Ina kika zauna?"

Na ce ban zauna ba, kwanciya na yi.

Ta dube ni ta saman takunkuminta, dubawa mai tsawo. Ta ce in gaya mata tambayar da ake yi. Na faɗa mata. Ta maimaita a ranta, leɓenta na motsi a bayan ƙyalle. Sannan ta gyara zama, ta haɗa tafukan hannunta a ƙirji, ta dubi tsakiyar idona.

"Ya akuri?" ta ce.

Ba ta iya furta shi daidai ba. Na buɗe baki in ce haƙuri da godiya, kamar yadda na faɗa sau ba adadi ta waya ba tare da ko ƙwalla ba, sai maganar ta ƙi fita. Kukan da ban yi a layin kanti ba ya taso tun daga cikina. Na kife kaina a gwiwa na yi ta yi, ina kiran Umma da ƙarfi a barandar mutane. Anti ba ta ce in yi shiru ba, ba ta kuma iya taɓa ni ba. Ta zauna a ƙofarta tana nata.

Daga ranar, kowace safiya sai mu fito da kujeru, ita a ƙofarta ni a tawa. Ta yi min tambayar, in amsa, in mayar mata, ta amsa da tata karyayyiyar Hausar. Wata rana mu yi hirar matattunmu, wata rana ba mai cewa uffan. Ta ce tunda kwanakina sun wuce ban zauna ba, in shiga cikin nata. Haka muka yi har aka sassauta doka ɗanta ya samu zuwa, suka yi abin da ake yi na rufe makoki. A cikin kwanakin nan na daina barcin rana, ba don na yi niyya ba, sai don akwai mai jirana a waje. Na koma cin abinci, na karkaɗe littafina.

Daga baya ɗan ya tafi da ita can jiharsu. Na gama karatu na dawo Kano, na tarar an mai da ɗakin Umma wurin ajiye buhuna. Lambar Anti ta yi aiki na wani lokaci, sannan ta daina shiga, kuma ban taɓa karɓar ta ɗanta ba.

Har yau Umma ba ta zo min ba. Na rage roƙo, ko da yake wani lokacin in na kwanta nakan kama kaina ina yi. Wadda take zuwa Anti ce. Nakan gan ta a barandar nan, cikin farin zani, fuskarta ba takunkumi, ta haɗa hannu ta tambaye ni ya haƙuri, da Hausa tsaf ba gargada. In farka gabana na faɗuwa, don a wajenmu an san su wa ke zuwa wa mutum a mafarki da fararen kaya. Kuma ba ni da wanda zan kira in tambaya ko tana raye.